Kalmar da Na Haɗiye a Gafasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na ɗaki da duk wanda ya taɓa yi maka alheri a Legas, garin da ban taɓa gani ba sai a bayan ambulan. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa duk inda ka fita da safe ka koma da ƙafarka. Innarka tana gaishe ka, ƙanwarka Rabi ma haka. A nan ne ake cewa mu ma muna nan lafiya lau. Na rubuta hakan, na soke, za ka ga wurin.

Na san za ka yi dariya ka ga wasiƙa da kan sarki a wannan zamani. Rabi ta riga ka dariyar, ta ce da na bari ta ɗauki muryata ta tura maka a waya, kafin in rufe baki ka ji. Na ce mata mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana yawo da wasiƙun mutane tsakanin Gaya da Ajingi bai taɓa aika tasa ko ɗaya ba, a bar shi ya ɗanɗana. Amma ba shi ne dalilin ba. A waya ina jin muryarka sai bakina ya koma gaisuwa, ina gajiya, ina aiki, to madalla, shi ke nan kati ya ƙare ban ce komai ba.

Idona ne. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama yana nan, amma yana tsukewa daga gefe, kamar mutum yana leƙe ta kafar ƙyaure. An ba ni maganin ɗigawa, ina ɗigawa safe da yamma, ya ce zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, kuma ba zai iya ce min ga iyakar lokacin da ya rage ba. Na san wannan tun sati biyu kafin tafiyarka, ban gaya maka ba, ban gaya wa Innarka ba.

Ranar da muka raka ka tasha, yau wata uku, ka tuna abin da na ce? Na ce to, a sauka lafiya, na juya ina kallon buhunan da ake ɗaurewa a saman mota kamar nawa ne. Ka ɗauka fushi nake da aikin da ka samu, na kai wa mutane kaya a babur da akwati a baya. Ba fushi ba ne. Daɗi na ji har cikin raina da ɗana zai ci abinci da irin aikin da na ci da shi, tsoro kuma ya zo ya zauna a kan daɗin. Abin da nake so a ranar shi ne in tsaya in ƙare maka kallo tun ina iyawa, amma kai ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uba ba ya kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ya ma kiran sunansa. Motar ta tashi ina kallon buhu.

Akwai abin da nake so in roƙe ka. Bakina bai saba ba, hannuna ma noƙewa yake. Ka yi haƙuri in bi ta doguwar hanya, yadda nake zagayawa idan rafi ya cika. A kan hanyar zan gaya maka kurakuran da na yi a aikin nan, tunda yanzu naka ne, kada ka sake biyan kuɗin makarantar da na riga na gama.

Lokacin da na fara, buhun wasiƙu yana zuwa daga Kano ne, mu zazzage shi a kan tebur mu ware. Na cikin gari daban, na makarantu daban, na ƙauyuka kuma nawa ne, ni da kekena. Kai yanzu wayarka ce ke nuna maka lungu. Ni kuwa abin da ke bayan ambulan shi ne, zuwa ga Malam Audu, gidan da ke bayan rijiya, Kademi. Ka je Kademi ka ƙirga Audu, ka ƙirga rijiya. Da haka na koyi sanin mutane ta danginsu. In na ga hatimin Jos na san Audu mai ɗa a Jos ne, in na ga rubutun ajami mai kwanciya na san na gidan liman ne. Rairayin hanyar Ajingi ya sa na tura keke fiye da yadda na hau shi, kayan faci da famfo kuwa ba su taɓa barin aljihun jakata ba. Sai can daga baya na samu babur, lokacin ƙafafuna sun riga sun gama biyan bashinsu ga hanya. Da damina laka, da bazara rana ta dafa maka kai a cikin hula. Duk da haka, wallahi, ban taɓa jin abin da ya kai shiga ƙauye mata suna leƙowa ta katanga, ana ga Sale mai wasiƙa nan, kowa yana addu'a a ransa a ce tasa ce ba. Ina kewar wannan har yau. Wani lokaci ina zaune a zaure in ji ƙararrawar keke, sai in ji hannuna ya kai kafaɗa yana neman igiyar jaka.

Abin da zan fara gaya maka daga nan, ka riƙa gaisuwa kafin tambaya. Mai gadin da ka wuce ba ka gaishe shi ba yau, shi ne gobe zai san inda mai kayan ya koma.

Kuskurena na farko na ganda ne. Wata ranar kasuwar Ajingi, hadari ya haɗo ta gabas, wasiƙa ɗaya ta rage min a jaka, ta wani saurayi Bala da ke wani ƙauye gaba da Ajingi. Farar ambulan ce mai tsawo, an buga sunansa da tafireta. Na dubi hadari, na dubi hanya, sai ga wani mai sayar da goro ɗan ƙauyensu yana naɗe tabarma. Ya ce ai maƙwabcinsa ne, ko da ido rufe zai kai masa. Na ba shi, na taka keke na iso gida ko ɗigo bai taɓa ni ba, har ina yaba wa kaina dabara.

Mutumin bai yi mugunta ba. Ya sa takardar a ƙasan kwandon goro don kada ta jiƙe, ya manta. Sai bayan sati biyar, da goron ya ƙare, ya ga ambulan a manne da ganye. Takardar kira ce zuwa kwalejin horon malamai, ranar da aka ce ya bayyana ta wuce da kwana goma sha tara. Bala ya je, aka ce an rufe. Shekarar da ta biyo mahaifinsa ya rasu, gona ta dawo kansa, bai sake nema ba. Ka san shi, shi ne mai kawo mana gyaɗa da kaka, mai furfura a gefen gemu. Bai taɓa ɗaga min murya ba. Duk inda muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni, kuma da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Saboda haka hannu da hannu. In an ce ka kai wa mutum, ka kai wa mutumin, ka ga fuskarsa, ka ji ya ce ya karɓa. Kada ka bar wa maƙwabci don ya yi maka fara'a, kada ka ajiye a shago don gajiya. Kai kwali kake gani, ba ka san abin da wani ya rataya a kansa ba. In ka kasa kaiwa yau, ka mayar da shi ofis ka ce ka kasa, wannan kunyar ta yini ɗaya ce.

Bayan abin Bala sai na zarce ɗaya gefen, na zama mai taurin kai, ko ana ruwan ƙanƙara sai na kai. Shi ya jawo na biyun. Wata damina na tarar da rafi ya kawo a hanyar Gafasa, masu shanu suna zaune a bakin gaɓa suna jira ya sauka. Wani dattijo a cikinsu ya ce in zauna in sha nono, kafin azahar zai janye. Na ce aikin gwamnati ba ya jira. Na ɗora keke a kafaɗa, jaka a ka, na shiga. A tsakiya ƙafata ta zame. Su ne suka fiddo ni, suka tsamo jakar can ƙasa a jikin wata saiwa, keke kuwa sai washegari aka same shi. Na baje wasiƙu ashirin da wani abu a kan dutse suna shan rana, tawada duk ta zube. Akwai wadda babu abin da ya rage a jikinta sai bayan gaisuwa mai yawa. Dattijon ya miƙo min ƙwaryar nonon da na ƙi sha ɗazu. Kafin in gama shanyar wasiƙun, ruwan ya janye har yara suna tsallakawa.

An ce min a Legas ana auna ku da minti, waya tana ƙara, mai kaya yana kira yana faɗa. Ka bar shi ya yi faɗan. Ka sa hular kwano ko da zafi zai kashe ka, ka ɗaure igiyarta, kada ka kutsa tsakanin manyan motoci don wani yana jiran takalmi. Kayan da ya makara yana isa. Innarka ba ta da wani kai a ajiye.

Yanzu na zo wurin da nake ta zagaye.

A Gafasa akwai wata tsohuwa, Goggo Dije, Bafulatana ce cikin waɗanda suka daɗe da zama a garin, shanunta uku a bayan gida. Ɗa ɗaya gare ta, Musa, yana aikin dako a tashar jiragen ruwa a Fatakwal. Duk wata sai ya rubuto. Ita ba ta karatu, kuma a lokacin aikinmu ba ya ƙarewa a miƙa takarda. Za a shimfiɗa maka tabarma, a kawo ruwa, a ce karanta mana. Rabin asirin ƙasar nan ta bakina ya bi. Goggo Dije kullum da furarta take jirana, tana damawa ina karantawa, in na gama ta ce in sake daga farko, wai na farkon kunnenta ne ya ji, na biyun na zuciya ne. Sannan ta karɓi takardar ta ninke ta sa a cikin wata kwalla mai murfi tare da sauran. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma ɗan fari ne. Mutumin Fatakwal take cewa. Me mutumin Fatakwal ya ce, ya ci abinci kuwa, har yanzu bai ga matar da ta yi masa ba?

Wata rana na kawo mata ambulan, tun a hanya na lura rubutun bayanta ba nasa ba ne. Na buɗe a gabanta, idona ya riga bakina sauka ƙasa. Wani abokinsa ne ya rubuta masa, shi yana faɗa. Yana kwance a asibiti sati uku, ciwon ya ƙi sauƙi. A ƙarshe ya ce, Inna ki zo, ko kawu ya kawo ki, ina so in gan ki.

Na ɗaga kai. Tana dama fura tana ba ni labarin wata akuya da ta shiga masallaci, tana dariya har da hawaye. A shekarar ta binne mijinta, kuma ranar ce na fara ganin dariyarta tun bayan takaba. Sai na ji ba zan iya ba. Na karanta mata gaisuwar yadda take, na ce ya ɗan yi zazzaɓi amma da sauƙi, yana neman addu'a. Ta ce in sake, na sake, ƙaryar ta fito daidai da ta farko. Ta ce Allah Ya ba shi lafiya, ta ninke ta sa a kwalla, ta miƙo min fura na sha.

A raina na ce zan nemi kawun nasa in gaya masa a gefe, maza su san yadda za su yi. Na biya gidansa, aka ce ya tafi da shanu, sai jibi. Na ce to sati mai zuwa. Sati mai zuwa aka tura ni wani gefen. Na ce ai matashi ne, dako yake yi, jikinsa ƙarfe ne, wataƙila ma ya tashi. Haka na riƙa lallashin kaina har buhu ya zo da wata ambulan mai irin wancan rubutun. Wannan karon babu abin da zan rage. Na karanta mata yadda take, ba ta ce in sake ba.

Bayan sadakar arba'in ta sa wani malamin firamare ya karanta mata duk takardun da ke cikin kwallar, ɗaya bayan ɗaya, don ta sake jin muryarsa. A nan ta ji. Da na biyo ta ƙofar gidan na so in wuce da sauri, sai ta aiko a kira ni. Ta shimfiɗa tabarma kamar kullum, ta kawo ruwa, ta zauna. Na fara ba da hanzari, na ce tausayinta na ji, na ce ban so in tayar mata da hankali ba. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Sale, da ka faɗa min, da na sayar da saniya na hau mota. Ko ban tarar da shi ba, da na san ya kira ni. Musa ya kira ni, ya kwanta yana kallon ƙofa, yana zaton na ji na ƙi zuwa."

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunan a bakinta.

Ta yafe min, ta faɗa da bakinta tun kafin in roƙa, ta ce amma ba za ta ce min bai yi ciwo ba. Na yi shekara goma sha ɗaya bayan nan ina wucewa ta ƙofar gidanta babu abin da zan miƙa mata, ita kuma ba ta fasa aiko min da fura ba har Allah Ya karɓi abarsa. Ban taɓa shan furar nan ta wuce min maƙogwaro da daɗi ba.

Abin da na gane, kuma na gane shi a makare, ba ita na tausaya wa ba. Kaina na tausaya wa. Ban so in zama wanda zai kashe dariyar nan ba, sai na bar wa Musa ya biya. Saƙo ba naka ba ne, ba ka da ikon rage masa nauyi. In an ba ka mai ɗaci ka kai shi da ɗacinsa, ka zauna tare da mutum ya haɗiye, iyakar taimakon da aka yarda ka yi ke nan. Wannan ba a kan kwalayen Legas kaɗai nake faɗa ba. Satin da ya wuce da ka kira, na ji muryarka a dushe, ka ce wa Innarka sanyin fanka ne. Wataƙila shi ne. Amma in ba shi ba ne, in ka faɗi a babur, in an kore ka, in ka kwana da yunwa, ka faɗa mana yadda yake. Mun fi son mu yi kuka a kan gaskiya da mu yi ta barci kana kallon ƙofa.

Za ka ce wanda ya ga wannan ai ya warke. Ban warke ba. Da na dawo daga Kano da takardar likita, Innarka ta tare ni a tsakar gida ta ce Malam me suka rubuta. Na buɗe, na dube ta, tana tankaɗe tana lissafin abin da za ta soya maka na guzuri. Na ce gajiyar ido ce, sun ba da magani. Da bakin nan nawa, bayan shekara ashirin da wani abu, na sake yi wa wata matar irin karatun Gafasa, kuma wannan karon a cikin gidana.

Jiya da hantsi na kira ta zaure, na ɗauko takardar na karanta mata yadda take, da abin da likita ya ƙara da baki. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta ce ai ta sani tun ranar da na fara zuba shayi a gefen kofi, jira take ta ga yaushe zan gaji da ɓoyo. Ta goge ido da bakin zani.

Ta ce, "To mutumin Legas fa? Shi ma sai ya ji a bakin malamin firamare?"

Ban san ta riƙe labarin nan ba, sau ɗaya na taɓa ba ta shi. Ita ta aiki Rabi ta sayo takarda da biro mai kauri.

Akwai kuskure ɗaya da ya rage, kuma shi kai ka fi kowa saninsa. Shekarar da sakamakon jarrabawarku ta gama sakandare ya fito, ta hannuna takardar ta biyo. Na san ka ci tun kafin in iso, shugaban makarantarku ya tare ni a hanya ya gaya min. Na tsaya a gindin wata tsamiya na yi hamdala har na rasa abin da zan ƙara. Da na shigo gida kana zaune a ƙofar ɗaki kana jira, na wuce ka, na miƙa wa Innarka na ce ba wa yaron nan. Ni da na yi rantsuwa bayan abin Bala cewa ba zan ƙara ba wa wani saƙon wani ba. Na kai wa duk ƙasar Gaya hannu da hannu, nawa ɗan na bi da shi ta hannun maƙwabci. Na ga yadda ka kalle ni ranar, na yi kamar ban gani ba.

Ba na zagin al'adar. Haka mahaifina ya yi min, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma na san yana sona, don na taɓa kama shi yana shafa takalmina da ya ɗauka ba kowa. Kunya ce, kuma tana da kyaunta. Sai dai ni ma'aikacin gidan waya ne, na san abin da ake yi da wasiƙar da ba suna a bayanta. Ajiye ta ake yi a aljihun tebur, ta yi shekaru, komai daɗin abin da ke ciki. Idan Allah Ya ba ka naka, ka ji kunyarsa a gaban mutane in kana so, amma ka samu wuri ko sau ɗaya ka gaya masa abin da ke ranka tun yana ji kana gani.

Ɗazu na rubuta bayan ambulan ɗin nan kafin in fara wasiƙar, don in gama da mai wuyar. Sai da na yi shi da manyan baƙaƙe, na matso da shi kusa da idon dama. Shekara ashirin da shida da na raɗa maka shi a kunne, yau na fara ganinsa da rubutuna. Gobe in Allah Ya kai mu zan kai ta gidan waya da ƙafata, in yi mata rajista, in ce sai an sa hannu. Na kuma yarda Rabi ta ɗauki hotonta ta tura maka, domin na daina yarda da sati mai zuwa.

To ga roƙon. Ban ce ka bar aikinka ba, kada ka kuskura. Ban ce ka aiko da komai ba, maganin ana samu, hatsi yana rumbu. Ka je wurin shugabanka ka nemi hutun kwana huɗu ko biyar, ka gaya masa gaskiyar dalili. In ya ce sai wata mai zuwa, to, amma kada ka bari ya kai bayan cirar gyaɗa, don ban san abin da zai rage ba a lokacin. Ka yi ƙoƙari ka shigo da rana, hasken yamma ya fara yi min wuya. In ka shigo zaure kada ka durƙusa can nesa kamar yadda ka saba, ka matso ta hannun damana, ka cire hula, ka bar ni in kalle ka har in gaji. Ko da mutane a wurin ba zan juya ga buhu ba.

Haruna, ɗana, ka zo. Ina so in gan ka.

In ka gama ka sake karantawa daga farko, babu abin da na rage a ciki.

Allah Ya kiyaye hanyarka ta zuwa da ta komawa, Ya sa babur ɗinka ya tsufa a hannunka ba tare da ya taɓa kayar da kai ba, Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowace ƙofa ka ƙwanƙwasa. Allah Ya yi maka albarka, Ya sada fuskokinmu da alheri tun da sauran haske.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sale mai wasiƙa, Gaya.